Duron da Ba a Huda Ba

Idan ka bi titin da ya wuce bayan tashar manyan motoci, ka gangara har inda kwalta ta ƙare, za ka tarar da wata doguwar katanga da ta fara zubewa. A cikinta akwai rumfunan kwano masu tsatsa, da tankuna uku da suka karkace, da wani fili mai faɗi wanda ko ƙaya ba ta fitowa a kansa. Damina goma sha biyu ke nan ruwa yana sauka a filin nan, bai tsirar da ciyawa ko ɗaya ba. Awaki ma, da ba sa raina kango, suna zuwa bakin katangar su juya. Nan Kamfanin Ƙaho yake a da, mai haɗa maganin ƙwari na gona. Takardun hukuma sun ce sakaci ne ya rufe shi. To, takarda ai abin da aka faɗa mata take ɗauka. Waɗanda suka san mai kamfanin sun san ba sakaci ba ne.

Kafin ya zama mai kamfani, Sito ake kiransa, don shi ne mai kula da sito a wani kamfanin magani na baƙi. Shekara goma sha huɗu ya yi a can, kuma cikin ayyukansa akwai ɗaya da ba a wasa da shi. Duk duron da aka juye maganinsa, irin shuɗin nan na roba mai murfi, sai a ɗauraye shi sau uku, sannan Sito ya ɗauki ƙusa da guduma ya huda gindinsa wuri huɗu, a kai shi a ƙone. Dalili kuwa roba tana shan magani kamar yadda sabuwar tukunya ke shan mai. Ko an wanke ta da sabulu har hannu ya gaji, in aka zuba ruwa ya kwana, gubar za ta riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan, ba launi, ba wari sosai. Matan unguwannin da famfo ba ya kawo ruwa sukan taru a bakin ƙofa suna roƙon a sayar musu. Sito yakan girgiza kai ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, wannan ba duro ba ne, kabari ne mai murfi." A lokacin mutumin kirki ne, har su matan da yake hanawa sun shaida.

Da baƙin suka tattara nasu-ya-nasu suka tafi, sai aka bar Sito da sanin haɗin magani a kai da aljihu wayam. Ya kama ɗaki ya fara haɗawa da kansa. Shekara biyu yana yawo da kwalabe kasuwa-kasuwa, manoma su jujjuya su ajiye. Abokan aikinsa na da suna wuce shi a mota suna ɗaga masa hannu, shi kuwa ɗaga hannun nan ya fi zagi ƙona masa rai. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta sha gaya masa, "Ɗan nan, arziki ba ya son gaggawa. Da tulu a kaina na raine ka, ba mu mutu ba." Ya ce to, amma zuciyarsa ta riga ta yi nisa. Wani direban babbar mota ne ya raɗa masa labarin wani boka a tsohon wurin fasa dutse, ya ce masa in zai je, ya tafi da kayan aikinsa na da.

Da tsakar rana ya isa, rana tana dukan duwatsu har ido ba ya iya kallonsu. Ɗakin bokan a cikin tsagin dutse yake, ƙofarsa tsohon buhu. Yana sa ƙafa sai sanyi ya kama shi kamar ya shiga rijiya. Da idonsa ya saba da duhun, ya ga tukwane jere a gindin bango, kowace an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, wasu suna gumi, wasu suna motsi kaɗan kamar akwai mai numfashi a ciki. Daga sama busassun fatu ne ke reto, da ƙasusuwan da bai yarda ya tsaya gane na mene ne ba. A tsakiya akwai wani kasko cike da baƙin ruwa, ƙuda ko ɗaya ba ya sauka a kai. Bayan kaskon wani tsoho ne zaune, siriri kamar kara, yana shafa wani farin ƙaho a kan cinyarsa.

"Zauna, mai huda," in ji tsohon.

Sito kuwa bai gaya wa kowa a nan sana'arsa ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ni fa tun daga farko in faɗa maka, ban zo don jini ba. In da yanka ne, ko kan mutum, gara in koma da talaucina."

Bokan ya yi dariya ba sauti. "Kowa haka yake faɗa daga bakin ƙofa. Wa ya tambaye ka jini? Jini na mahauta ne. Masu ɗakin nan ba sa son ci da gaggawa, sun fi son abin da za su riƙa tsotsa a hankali. Kai kuma Allah ya haɗa ka da sana'ar da ta dace da su."

"Me za a yi, Baba?"

"Abu uku, kuma ba mai nauyi a ciki. Ragowar magani da ruwan ɗauraya, kada ka ƙona, kada ka kai nesa. Ka haƙa rami a bayan ma'aikatarka ka riƙa ba ƙasa. Wannan ɗaya. Duron da aka juye, kada ƙusa ta sake taɓa shi. Ba sayarwa za ka yi ba, kyauta za ka bayar, ga duk wanda ya miƙo hannu."

Sito ya ce, "Baba, ruwan sha za su zuba a ciki."

"Kai za ka zuba musu? Duro ka ba su. Abin da mutum ya zuba a kayansa, da hannunsa ya zuba."

"Na san abin da yake yi wa mutum. Yara ya fi kamawa."

"Da ba ka sani ba, ai da ba ka da abin sayarwa a ɗakin nan. Sanin naka shi ne kuɗin. Wanda ya bayar cikin jahilci bai ba mu komai ba."

Ɗaya daga cikin tukwanen ta yi wani ƙara kamar cikin mai jin yunwa. Nan ne ya kamata Sito ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, kuma shi kansa daga baya ya ce ƙafarsa ta motsa. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To, ban da gidana. Ban da matata, ban da 'ya'yan da zan haifa, ban da mahaifiyata."

"Gidanka kai ke riƙe da mabuɗinsa," in ji bokan. "Su ba sa haura katanga. Sai inda aka ɗauke su aka shigar da su. Ka tsare naka, ba ruwana. Saura na uku. Bakinka. Ranar da ka ce wa wani kada ya sha, ko ka gaya masa dalili, uwarka ce ko ɗanka, ranar ƙahon nan zai tsage, duk abin da ya tara maka ya watse. Ka yarda?"

"A wanke su sau uku fa? An yarda in wanke?"

"Wanke sau goma in kana so. Kai da ka san roba."

Ya yarda. Bokan ya karɓi ƙusar da gudumar ya sake su cikin kaskon, kaskon da bai kai zurfin tafin hannu biyu ba, amma ba a ji sun taɓa ƙasa ba. Ya tsoma ƙahon sau uku yana kiran sunaye da wani yare mai kama da tari, ya sa Sito ya wanke hannuwansa a baƙin ruwan har gwiwa, ya lasa da harshe. Ruwan ba ɗaci, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Aka miƙa masa ƙahon aka ce ya binne a ƙarƙashin ofishinsa, ya sa hoton ƙahon a jikin duk abin da zai sayar. Da ya fito rana tana nan inda ya bar ta, amma hannuwansa ba su yi ɗumi ba har ya isa gida.

A daminar nan wata tsutsa ta afka wa gonaki, ta ƙi jin kowane magani sai na kwalba mai tambarin ƙaho. Manoman da suka jujjuya kwalabensa a da suka dawo suna layi tun daga bakin titi. Kakar Sito ta yanke saƙa. Kafin shekara uku ya sayi filin nan na bayan tasha, ya kafa tankuna, ya ɗauki ma'aikata sama da ɗari. Sunan Sito ya ɓace, aka koma Mai Ƙaho. Ya gina gida a unguwar masu hali, mai rijiyar burtsatse tasa ta kansa da injin tace ruwa. Ya kafa doka ɗaya a gidan: ko murfin shuɗin duro kada ya kuskura ya shigo. Matarsa ta ɗauka tsabta ce ta masu kuɗi.

Duk ƙarshen wata ake buɗe ƙofar baya a raba duro. Mata su zo da ganwo, maza da baro, ana turereniya ana sa masa albarka. "Allah ya ƙara arziki! Allah ya raya zuri'a!" Shi kuwa yana tsaye a tagar ofis, bayan labule, yana kallon duro-duron suna tafiya a kan mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya sa a riƙa wanke su sau biyar, ya ce ko gubar za ta ragu. Ya san ƙarya yake yi wa kansa. Da aka fara cewa kifayen rafin bayan kamfani suna tasowa ciki sama, ya ce zafi ne. Da ya ji yara a unguwannin gangare suna kamuwa da wata irin rawar jiki da dalalar miyau, sai ya aika da motar asibiti kyauta, aka ƙara yi masa addu'a. Addu'ar nan ita ke hana shi cin abinci. Ya rame yana cikin daula, mutane suna cewa aiki ne ya yi masa yawa.

Inna ta ƙi tashi daga tsohon gidanta na unguwar gangare. Ta ce ita ba za ta iya zama inda maƙwabci ba ya jin tarin maƙwabci ba. Wata ranar Asabar ya kai mata 'ya'yansa biyu gaisuwa: babbar, 'yar shekara tara da ake kira Malama saboda ta cika tara yara tana koya musu karatu, da Auta mai shekara biyar. Inna ta tare su da murna, ta cafke Auta tana cewa, "Ga mijina ya zo hannu rabbana! Wane irin miji ne wannan, ko sabulu babu?" Auta ya ce ai ya sake ta tun bara. Ana cikin dariya Mai Ƙaho ya waiwaya, ya ga shuɗin duro a gindin bango, an rufe shi da faranti, moɗa a kai, ƙahonsa fari tas a jiki.

"Inna, wa ya kawo wannan?"

"Ni na aika aka karɓo mini. Duk unguwa suna shan ruwa a duron ɗana, ni da na haife shi sai in zauna da tsohuwar randa? Har na karɓar wa maƙwabta, da suka ji ni ce ko layi ba a sa su ba."

Kalma ɗaya ce a bakinsa, ta zo har kan harshe. Ya tuna ƙahon, ya tuna tankuna da motoci, ya haɗiye ta. Ya ce, "Bai dace da ke ba ne, Inna. Zan kawo miki tanki sabo."

Ya kawo tankin washegari, ya sa aka ɗauke duron. Ta yi godiya, ta bar tankin ga wanki, bayan kwana huɗu ta aika aka karɓo mata wani duron. Ya sa aka sace shi, ta karɓo na uku. Ya hana masu gadi ba ta, wata maƙwabciya ta ba ta nata. Ta ce masa, "Ɗan nan, kunyar tambarinka kake ji a gidana, ko kunyata?" Abin da ya iya yi kawai shi ne ya tara matarsa da direba ya ce daga yau yaran nan ba za su ƙara zuwa gidan Inna ba, in ta so ganinsu a ɗauko ta. Matarsa ta tambayi dalili, ya daka mata tsawa. Inna da ta ji, sai ta daina yi masa wasa in ya zo. Ya lura hannunta ya fara rawa in ta miƙo masa ruwa, shi kuma kullum yana cewa ya sha a gida.

Ana wata ga wata, tafiya ta kama shi ƙasar waje sayen injina, ta mako uku, daidai lokacin hutun makaranta. Matarsa mace ce mai tausayi, abin ya daɗe yana damunta a raba tsohuwa da jikokinta ba laifin tsaye ba na zaune. Ta ce wa yaran su je su yi kwana goma wurin kakarsu, kada dai su gaya wa babansu. Inna don murna ta ce ruwan gidan ba zai ishe su ba, ta aika aka samo mata sabon duro, wanda aka juye a makon nan. Ta wanke shi da hannunta, ta cika shi, ta ce wannan na mijinta ne da 'yar'uwarsa, kada kowa ya taɓa.

Da ya dawo, asibiti aka wuce da shi. Auta ya riga ya rasu kwana ɗaya kafin uban ya sauka. Malama tana kwance jikinta yana karkarwa, miyau yana bin gefen bakinta. Ya sunkuya ya buɗe idonta, ya ga ƙwayar ta tsuke kamar kan allura. Ya san wannan ido. Hoton irinsa yana manne a bangon siton da ya yi shekara goma sha huɗu a ciki. Likita ya ja shi gefe ya ce, "Ranka ya daɗe, kai da kake harkar magani, akwai abin da yaran nan za su iya taɓawa ko su sha? In mun san ko mene ne, aikin zai zo da sauƙi." Ya dubi likitan, ya dubi 'yarsa. Ya ce a ransa ai likita zai gane da kansa, ai alamun a fili suke, ba sai na faɗa ba. Da baki ya ce, "Ba na shigar da komai gidana, likita." Gaskiya ce kuwa, irin gaskiyar da ta fi ƙarya muni. Likitan ya gane, amma sai bayan kwana biyu, kuma Malama ba ta jira shi ba.

Ranar da aka dawo daga binne ta, gida cike da masu gaisuwa, matarsa ta fito tsakar gida ba mayafi ta cakumi rigarsa. "Ka sani! Wallahi ka sani! Shi ya sa ka hana su zuwa wurinta! Me ya sa ba ka gaya mini abin da uwarka take ba?" Aka ɓamɓare ta tana ihu tana kiran Auta ya zo ya sa takalmi. Daga ranar hankalinta bai dawo ba. Takan jera kofuna a ƙasa ta ce ɗaliban Malama ne, ta hana a taka. Danginta suka zo suka tafi da ita.

Maganar da ta faɗa kuwa ta riga kowa isa unguwar gangare. Mutane suka fara haɗa ɗaya da biyu. Ɗanta na cikinta ya hana 'ya'yansa zuwa wurinta, ruwa ba ya tsami banza. Sun zo kwana goma, sun mutu. Kuma gidajen da aka fi rasa yara ai su ne gidajen da take shiga tana yi musu alheri. Ga hannunta yana rawa, ga miyau, ga idonta ya koma wani iri. Aka ce mayya ce. Matan da ta karɓi haihuwarsu suka riƙa janye 'ya'yansu in ta fito. Aka daina amsa sallamarta, aka yi ta jifan ƙofarta da duwatsu. Babu wanda ya dubi shuɗin duron da ke tsakar gidansa, tun da kyauta ce ta mutumin kirki.

Mai Ƙaho ya koma wurin fasa dutse kamar zai tashi sama. Ya tarar da bokan yadda ya bar shi. "Ka ce ban da gidana!"

"Na shiga gidanka? A gidanka suka sha?"

"Ana kiran uwata mayya. Ka kwance mini bakina."

Tsohon ya dube shi da mamaki na gaske. "Na ɗaure ka ne? Ga bakinka nan a fuskarka. Je ka faɗa yanzu, ba abin da zai same ka, ko ciwon kai. Dukiya ce kawai za ta tafi, da sunan da ake kiranka da shi. Tun ranar farko haka na gaya maka."

Wannan magana ta fi komai yi masa ciwo, don da an ce masa mutuwa zai yi, da ya sami abin fakewa. Ya fito yana rantsuwa yau zai faɗa. A hanya ya ce bari a gama zaman makoki. Da aka gama ya ce bari ya fara ɗauke Inna daga unguwar. Ta ƙi, ta ce in ta shiga gidan mutane wa ya san wanda za ta ci kuma. Ya ce to bari injinan da ya sayo su iso. Haka ya yi ta ɗaga ranar, wata biyu cur.

Wata la'asar aka aiko masa Inna tana nemansa. Ya same ta kwance a tabarma, ta ƙare sai ido, ba kowa a gidan, don ba mai shiga. Ya zauna kusa da kanta. Ta lalubo hannunsa da hannunta mai rawa.

"Ɗan nan, ina so in tambaye ka, kada ka ɓoye mini. An ce mai abin nan wani lokaci ba ya sanin yana da shi. Na yi ta tunani, na bincika zuciyata, wallahi ban taɓa jin ina son cutar da su ba. Mijina fa, ni nake tauna masa abu in ya yi tauri. Amma kai mai ilimi ne, ba za ka hana su zuwa haka kawai ba. Ka ga wani abu a jikina ne tun tuni, ka rufa mini asiri?"

Hawaye suka zubo masa. Duron yana nan a bakin ƙofar ɗakin, yana iya taɓa shi da ƙafa. Ya buɗe baki, ya ce, "Inna..." sai ya tsaya.

Ta ɗauki shirun nan a matsayin amsa. Ta lumshe ido ta gyaɗa kai. "Allah ya yi maka albarka da ka rufa mini. Na cinye maka 'ya'ya, na haukata maka mata, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Ba ni da abin ba ka. Ka yafe mini, ɗan nan, kada in je gaban Allah da wannan. Ka ce ka yafe mini."

Ta matse hannunsa tana jira. Shi kuwa, wannan mutum da ta raina da tulu a ka, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yafe miki, Inna."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Kafin rana ta faɗi ta cika. Mutum bakwai ne suka bi gawarta, huɗu a ciki ma'aikatansa ne da ya umarta.

Washegari ya je tsakiyar unguwar ya tsaya a bakin famfo ya faɗi komai da ƙarfi, duro da rami da boka, bai rage ba. Ihu bayan hari. An ce a sa'ar nan daɓen ofishinsa ya tsage daga bango zuwa bango. Hukuma ta zo da masu fararen riguna, suka tona ramin bayan kamfani, suka auna rijiyoyi, suka tarar gubar ta bi ƙarƙashin ƙasa ta kai unguwa uku. Aka liƙe rijiyoyin da siminti, aka bi gida-gida ana kwashe duro, aka garƙame kamfanin. Tsutsa ta daina jin maganin ƙaho a daminar nan. Gida da motoci suka bi shari'a, shi kuma ya yi shekarunsa a kurkuku ya fito ba mai amsa gaisuwarsa. Har yau a unguwannin nan ruwa a mota ake kawowa, kuma ana haifar yaran da ba sa iya riƙe cokali.

Matan gangare sun yi kuka da suka ji gaskiya, sun yi ta cewa Allah ya jiƙan Inna, mun ɗauki alhakinta. Amma ita ba ta ji ba. Ta tafi tana ganin ita ta ci jikokinta, tana godiya ga wanda ya kashe su. Masu wucewa ta maƙabarta suna ganin wani tsoho durƙushe a gefen wani kabari, yana magana ƙasa-ƙasa. Ba mahaukaci ba ne, da ma ya haukace da ya huta. Abu ɗaya yake maimaitawa: "Inna, ba ke ba ce. Inna, ni ne."

Kai da kake jin arziki ya yi maka jinkiri, har ka fara tambayar hanyar gidan boka, ka tsaya ka ji. Ba lalle ya nemi jini a wurinka ba, zai nemi abin da ka san haramun ne ya ce ka kau da kai kawai, kuma zai bar ka ka zaɓi waɗanda za ka tsare. Kada ka yarda da wannan ciniki. Wanda ya zuba guba a ruwan mutane bai isa ya gaya mata gidan da za ta tsallake ba, kuma wanda ya sayar da bakinsa don dukiya zai nemi bakin nan ranar da uwarsa ke buƙatar kalma ɗaya, ya tarar ya riga ya sayar.